Jan Biro da Shuɗiyar Mujalla

A sashen fiziks na jami'ar, in ka tambayi ofishin Jan Biro ko mai shara zai nuna maka. Ka hau bene, ka wuce ɗakin gwaje-gwajen 'yan aji ɗaya, sai ƙofa ta ƙarshe a hannun hagu, wadda sai ka ɗan ɗaga mariƙinta sama kafin ta yarda ta buɗe. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan tun tana sabuwar malama, don duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta dawo jajur kamar an yanka kaza a kanta. Sunan ya bi ta har gida. Mijinta, wanda ke ba da magani a kantin asibiti, in yana son tsokanarta sai ya miƙo mata katin gayyata ko kwalin sabulu ya ce, "Ranki ya daɗe, a duba mana ko akwai gyara."

'Yar mai gyaran rediyo ce. Ta tashi cikin ƙaurin dalma da tarin wayoyi, kuma tun ba ta kai tsawon teburin shagon ba mahaifinta yake ba ta riƙon mita yana cewa, "Faɗa mini abin da allurar ta nuna, ba abin da kike so ta nuna ba." Da ta shiga jami'a ta zaɓi fiziks, wato ilimin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. Ba ita ce gwanar ajinsu ba, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Abin da take da shi naci ne. Digirinta na uku ma sai da ta yaye 'yarta ta biyu sannan ta kammala shi, lokacin da sa'o'inta sun daɗe da shigewa gaba.

Aikin nata a kan zafin ɗakuna ne: yadda rufin kwano da bulon siminti suke shan rana su riƙe ta har bayan faɗuwarta. Ta rubuta maƙala ta aika wa wata mujalla ta ƙasar waje. Aka dawo mata da ita ba tare da an ba kowa ya karanta ba, aka ce batun ba zai ja hankalin masu karatunsu ba. Ta aika wa wata, aka maimaita mata. Da ta fara ƙorafi a ɗakin shan shayi na malamai, sai ta ga ashe kowa da irin nasa tabon. Wannan ya auna tsawa shekara da shekaru, wancan ya auna gishirin ruwan rijiyoyi da lantarki, duk suna kwance a cikin durowa, kyankyaso na karanta su.

"To mu buga da kanmu mana," in ji ta.

Aka yi dariya. Amma tsohon malaminta, wanda kowa ke kira Baba Farfesa, bai yi ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "'Yata, wanda ya ce a sare itace shi ake miƙa wa gatari. Ni zan ba da sunana a sa a bango. Wahalar taki ce."

Mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya ce zai taya ta, wani matashin malami da ake kira Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishinta. Ita ta koyar da shi a aji biyu, ita ta tsaya masa har ya samu aiki a sashen, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Yaya. Matarsa kuwa a gidan Jan Biro take barin yaranta in za ta unguwa.

Aka ba su wani ɗaki da ake jibge matattun na'urori. Suka share, suka tura karyayyun ma'aunai gefe, suka sa tebur ɗaya da kujeru biyu. Mai maɗaba'ar da suka samu littattafan rubutun 'yan firamare yake bugawa, kuma ya ce yana da ragowar shuɗin kwali da zai yi musu bango da shi. Haka mujallar ta fito shuɗiya, kuma duk da dogon sunan da aka raɗa mata, har yau ba wanda ke kiranta da komai sai Shuɗiya. Ranar da aka kawo gwajin bugu na farko, Jan Biro ta buɗe ta ga duk alamomin lissafi sun koma 'yan akwatuna, kamar an jera ashana. Mai maɗaba'a ya ce injinsa bai san waɗannan haruffan ba, wai ko za a iya yin fiziks ɗin ba tare da su ba? Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nemi wanda ya koya mata shirya shafi a kwamfuta, ta riƙa zama bayan tashi daga aji tana jera lissafin da hannunta har idonta ya fara neman tabarau.

Bugu ashe shi ne mai sauƙi. Babban aiki shi ne samun abin da ya cancanci a buga. Malamai suka ɗauki Shuɗiya juji: mai kyau a aika waje, ragowar a jefo wa Jan Biro don a cike sharuɗɗan ƙarin girma. Ita kuwa ta kafa doka tun ranar farko, cewa kowace maƙala sai masana biyu da ba su san marubucinta ba sun tantance ta. In sun ce a gyara, a gyara. In sun ce ba ta yi ba, ta koma inda ta fito, ko ta wane ne. Wani babban malami da aka mayar wa tasa ya tare ta a matakala ya ce, "Ke, lokacin da na fara koyarwa kina ina?"

"Ina shagon babana, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma jadawali na uku har yanzu bai yi daidai da na biyu ba."

Masu tantancewar su ma wani ciwon kai ne, don aikin ba lada ba la'ada. Mutum zai karɓi maƙala da fara'a, ya ɗora mata fayil goma, ya manta. Sai Jan Biro ta ɓullo da dabara. Takan kwashi takardun jarrabawar ɗalibanta ta tafi ofishin mutum, ta gaishe shi da ladabi, ta ja kujera ta zauna ta fara maki. In ya ce lafiya, sai ta ce, "Lafiya lau. Karanta abinka, ni ba sauri nake ba." An ce akwai wani farfesa da in ya hango ta tafe da jakarta sai ya fice ta ƙofar baya ya bar hularsa a kan tebur. Ta zauna da hular har ya dawo ɗauka.

Akwai fitowar da maƙala uku kacal suka tsallake. Mutane suka riƙa ɗaga ta da yatsa biyu suna tambaya ko wannan mujalla ce ko takardar bayanin magani. Ranar ta koma gida ranta a jagule, ta ce wa mijinta ta gaji. Ya zuba mata ruwa a kofi ya ce, "Ni dai a wurin aikinmu ƙwayar da ta fi ƙanƙanta ita muke kullewa a cikin akwati." Baba Farfesa kuma da ta kai masa mujallar, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Je ki shirya ta gaba."

A hankali abin ya fara kama ƙasa. Dogo ya ɗora mujallar a intanet kyauta, duk mai so ya karanta. Malaman ƙananan kwalejoji, waɗanda ba wanda ya taɓa karanta aikinsu da idon basira, suka gano cewa a nan ko an ƙi maƙalarka za a gaya maka dalili shafi-shafi. Suka fara aikowa, suna gyarawa, suna sake aikowa. Sannan aka zo kan maƙalar da ta fitar da Shuɗiya daga harabar jami'a, kuma ta Dogo ce.

Dogo ya haɗa wani shafi mai arha da ake shafa wa farantin sola. Awonsa ya nuna farantin da aka shafa yana ba da wuta fiye da wanda ba a shafa ba, da tazara mai yawa. Masu tantancewa biyu suka duba suka yaba, aka buga. Kafin a ce me, masu bincike a ƙasashe masu zafi sun fara ambatar maƙalar a cikin nasu rubutun, kuma a duniyar ilimi da wannan ambaton ake auna nauyin mujalla. Maƙaloli suka fara zuwa daga wuraren da Jan Biro sai ta duba taswira. Shugaban tsangaya, wanda a da yake cewa "'yar takardar nan taku", ya koma cewa "mujallarmu" a gaban baƙi. Aka sa wa ɗakin fanka sabuwa. Aka kuma nemi a shigar da Shuɗiya cikin babban kundin mujallun da duniya ta amince da su, masu kundin suka ce za su sa mata ido na wani lokaci kafin su yanke hukunci.

Ana cikin wannan jiran ne Jan Biro ta je wani taron masana. A lokacin hutun shan shayi wata mata mai furfura, baƙuwa daga wata ƙasa, ta matso ta karanta sunan mujallar a katin da ke ƙirjinta, ta ce ta daɗe tana neman wanda za ta yi wa magana. Ta ce ita da ɗalibanta sun haɗa shafin nan yadda maƙalar ta faɗa, sun gwada sun sake gwadawa, ba su ga ƙarin wutar ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Ban ce an yi ƙarya ba," in ji matar. "Wataƙila mu ne muka kuskure. Amma na ga ya kamata ki sani."

Jan Biro ta yi godiya, shayin da ke hannunta ya huce ba ta kurɓa ba.

Da ta dawo ba ta biya ta ofishinta ba, ta wuce wurin Dogo ta rufe ƙofa. Ya saurare ta yana murmushi, ya ce, "Yaya, ranarsu ba irin tamu ba ce. Kuma wa ya sani ko sun iya haɗin?"

"Mai yiwuwa. Da wace na'ura ka auna ƙarfin hasken rana?"

"Da ta sashe. Ita kaɗai gare mu ai."

"Farantan da ba a shafa ba, da waɗanda aka shafa, tare ka auna su?"

Ya ce a'a, farantan ba su da yawa, don haka ya auna su ba shafi a shekarar farko, ya shafa musu ya sake aunawa a shekara ta biyu. Yana faɗa yana jin abin da bakinsa ke faɗa, murmushin ya gudu. Na'urar ta shekara biyu a kan rufi tana shan rana. In idonta ya dushe, za ta riƙa nuna hasken ya ragu alhali bai ragu ba, sai farantin ya zama kamar ya ƙara ƙwazo.

Ta aro sabuwar na'ura daga ofishin masu hasashen yanayi. Suka hau rufin sashen da tsakar rana, ita da shi, suka kafa tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, suka jera faranti mai shafi kusa da marar shafi. Simintin rufin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ita ke karanta lambobi, shi ke rubutawa. Suka yi haka kwana da kwanaki, kuma kullum amsar ɗaya ce: tsohuwar na'ura ta gaji, kuma tsakanin farantan biyu babu wani bambancin kirki. A rana ta ƙarshe Dogo ya ajiye biro, ya zauna a inuwar tankin ruwa ya haɗa kai da gwiwa.

"Wallahi Yaya ban yi da gangan ba."

"Na sani. Da na zaci da gangan ka yi, da ban hau rufin nan da kai ba. Ni ma ta gabana ta wuce da jan birona a hannu, ban yi tambayar ba. Amma dole mu janye ta."

"Janyewa? A rubuta a mujalla cewa aikina ba daidai ba ne? Da wannan maƙalar fa na nemi ƙarin girma. Ki bari in yi wani aikin, in gyara a hankali, ba wanda zai lura."

"Akwai masu sayen kayan haɗin nan yanzu haka suna ɓata lokacinsu saboda mun ce yana aiki. Ka rubuta sanarwar da hannunka, ƙanena. In kai ka faɗa, mutuncinka ne zai ƙaru."

Ya tashi ya sauka.

Magana ba ta kwana ba ta isa kunnen shugaban tsangaya. Ya kira ta, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce shi ba ya hana gaskiya, Allah ya kiyaye, amma komai da lokacinsa. Masu kundi suna kallo. Rabin ambaton da mujallar ke taƙama da shi daga maƙalar nan yake. A bari su sa hannu tukuna, in ya so bayan nan a yi duk gyaran da za a yi.

"Ranka ya daɗe, in sun karɓe mu a kan maƙalar da muka san ba daidai ba ce, me suka karɓa?"

"Malama, ke kin san fiziks, ni na san yadda duniya ke tafiya. Ba a fasa tulu a bakin ƙofar gida bayan an sha wahalar ɗauko ruwa."

"Tulun a fashe yake, ranka ya daɗe. Ni dai faɗa zan yi."

Ya tuna mata cewa jami'a ce ke ba da ɗakin da fankar, kuma jami'a ce ta rage mata azuzuwa don ta ji da mujalla. Ta ce ta sani, ta gode, ta tashi ta bar lemon ko buɗewa ba ta yi ba.

Ƙarfin halin da ta nuna a ofis bai biyo ta gida ba. Da yamma tana yanka albasa a kicin, mijinta ya lura hawayen sun fi ƙarfin albasar. Ta ce masa shekarun da ta zuba a mujallar nan ne take shirin rushewa da hannunta, ga yaron da ta riƙe kamar ƙaninta zai ɗauke ta maƙiyiya. Ya karɓi wuƙar ya ci gaba da yankan, ya ce, "In muka gano maganin da muka bayar ba shi da kyau, bin mutane muke har gida mu karɓo. Ba daɗi, ana zaginmu. Amma ban taɓa jin wanda ya ce a bari sai hukuma ta gama duba asibiti ba." Washegari ta je gaida Baba Farfesa, wanda ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya ji labarin duka ya ce, "Ni sunana na ba ki, kuma ban ba ki don a ɓoye abu a bayansa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Ta jira Dogo har ranar da za a kai aiki maɗaba'a. Bai rubuta ba, bai kuma ɗaga wayarta ba. Sai ta zauna ta rubuta sanarwar da kanta, gajeriya, ba zargi ba kwana-kwana: an sake awo, an gano na'urar auna haske ta dushe, sakamakon bai tabbata ba, babu alamar maguɗi, mujalla ta janye maƙalar kuma tana ba masu karatu haƙuri. Ta sa a shafin farko, ba can baya inda ido ba ya kaiwa ba.

Abin da ake tsoro duk ya faru. Masu kundi suka ce a sake nema nan gaba. Aka dakatar da ƙarin girman Dogo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: bai ga laifin baƙuwar da ta tono zancen ba, bai ga na na'ura ba, sai na Yaya. Ya cire hannunsa daga mujallar, in sun haɗu a matakala sai ya duƙufa kallon wayarsa. Matarsa ta daina kawo yara. Shugaban tsangaya bai kore ta ba, ya dai mayar mata da manyan azuzuwan 'yan aji ɗaya, irin waɗanda ɗalibai ke zama har kan taga. Maƙaloli suka ja baya. A ɗakin shan shayi aka riƙa cewa Jan Biro ta rasa wanda za ta yi wa maki ta yi wa kanta.

Wani zai ce a nan za ta sassauta. Sai ma ta ƙara ɗaure igiyar. Ta fitar da sabuwar doka: duk mai aiko da maƙala sai ya haɗo da ainihin lambobin awonsa, ya kuma faɗi yaushe rabon da a gwada na'urarsa da wata. Marubuta suka yi ca, wai ko manyan mujallun waje ba sa neman wannan. Ta ce su manyan suna da na'urori sababbi, mu da muke aiki da tsofaffi mu ya kamata mu fi kowa bincika su. Ta koyi ɗora mujallar a intanet da kanta tun da mai yi ya tafi. Da safe ta yi ta fama da ɗaruruwan ɗalibai har muryarta ta dushe, da rana ta ja jakarta zuwa ofisoshin masu tantancewa. Fitowa ba ta taɓa makara ba, ko da siririya ce.

Wata rana sai ga kiran waya daga matar nan mai furfura. Ta ce ta ga sanarwar, kuma ta daɗe tana gaya wa editoci irin wannan magana, ba ta taɓa ganin wanda ya hau rufi ya sake awo ba. Ta tambaya ko ana bukatar mai tantancewa. Jan Biro ta ce ana bukata kamar ruwa a jallo. Matar ta shigo, ta jawo abokan aikinta, ta kuma aiko da maƙalar ɗalibanta, wadda aka mayar mata sau ɗaya don gyara, ta gyara tana dariya. Sannu a hankali labari ya bazu tsakanin masu binciken hasken rana da zafi cewa abin da Shuɗiya ta buga ana iya dogara da shi, don lambobin suna nan kowa ya duba. Wasu mujallu biyu suka kwafi dokar tata. Da aka sake nema, masu kundi suka karɓa. Shugaban tsangaya na lokacin, wani sabo, ya sa aka yi allo mai sunan mujallar aka kafa a ƙofar sashen, masu yin allon suka yi kuskuren harafi ɗaya, Jan Biro ce ta fara gani.

Dogo kuwa sai da aka shekara uku sannan wata safiya ya sunkuyo ta ƙofar ofishinta, ya tsaya yana juya fayil a hannu. Ashe tun daga lokacin ya bi jami'o'i da tashoshin yanayi yana gwada tsofaffin na'urorin auna haske, yana auna yadda zafi ke cin idonsu shekara bayan shekara, har ya fitar da hanyar gyara lissafin.

"Na kawo maƙala, Yaya. In ana karɓar tawa."

"Ana karɓar ta kowa. Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar falwaya. Ya yaran?"

Ta aika wa masu tantancewa kamar ta kowa. Suka dawo da ita sau biyu, ya gyara ba gardama. Da ta fito ta zama abin da duk mai aiki da irin na'urar a ƙasa mai zafi yake buɗewa kafin ya fara awo. Zumuncin bai koma yadda yake da ba, don akwai maganar da har yau ba su taɓa yi ba, amma yaransa sun dawo cin abinci a gidanta, babbar ma a can ta yi shirin jarrabawar shiga jami'a.

Jan Biro ba ta zama farfesa ba. Shekarun da sa'o'inta suka yi suna rubuta nasu, ita ta yi su tana gyara na wasu, kuma kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga wannan. Abin yana yi mata ciwo, ba ta ɓoyewa. Takan ce da za a sake, da ta ware wa kanta ko yini ɗaya a mako. Da ritaya ta matso, ta miƙa kujerar edita ga wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu ke da mataimaka da masu tantancewa a ƙasashe da dama, kuma maƙalolin da ke shigowa sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya karanta. Abu guda ta roƙa a bar mata: maƙalolin sababbin marubuta da aka ƙi, ita za ta riƙa kiransu.

Ran nan ta kira wani malamin kwalejin fasaha a wani gari mai nisa, wanda ya auna yadda ƙasar yankinsu ke shanye lantarkin tsawa. Da ya ji daga inda ake kira, sai ya ce ai ya ga saƙon, ya riga ya haƙura, dama ya san bai kai ba.

"Wa ya ce maka ba ka kai ba? Tambayarka mai kyau ce, awon ne bai isa ba. Da rani kaɗai ka auna. Damina ta kusa, ko?"

"Ta kusa, Hajiya."

"To ka koma ramukan nan naka in ƙasa ta jiƙa, ka sake aunawa, ka aro mita ta biyu ka gwada taka da ita. In ka gama ka aiko mini kai tsaye. Kana da abin rubutu a kusa? Buɗe shafi na huɗu, mu fara daga nan."